Za A Neme Ku

Talata Mafara, 1978

Zuwa ga Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da iyalinka baki ɗaya.

Na kai takardar neman aiki ofishin kamfanin da ke gina madatsar Bakolori tun da sauran sanyi. Akawu ya karɓa bai ɗago kai ba, ya ce, "Za a neme ku." Iyakar abin da na ji ke nan har yau. Kullum da safe mukan taru a bakin ƙofa, har da mutanen Maradun da aka ce ruwa zai ci garuruwansu. Wata rana heluman leburori ya fito ya kira 'yan sunaye ya koma, wata rana ko leƙowa ba ya yi. Wanda aka kira ba ya nan, an wuce shi ke nan.

A sa ni a addu'a. Ƙaninka,
Lauwali

Bakura

Lauwali,

Salama da gaisuwa. Hashimu mai shago ke rubuta mini wagga takarda, don haka ba zan zage ka yadda nake so ba.

Mai neman ka ai ya san hanyar Bakura. Ruwan shuka ya sauka, Baba ba ya iya duƙawa, gandu kuma ya fi ƙarfin mutum guda. Abin da muka noma shi gidanga zai ci shekara, ka sani sarai. Inna ta ce a tambaye ka ko takardar firamaren taka ana tuƙa tuwo da ita. Ka taho gida.

Ka huta lafiya. Yayanka,
Maiwada

Talata Mafara

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma, saƙonka ya iso.

Na yi ƙarfin hali na shiga ofis na tambaya. Wani akawun na tarar, ba na farko ba, amma maganar ɗaya ce. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Da korata suka yi, da tuni ina gona.

Akwai wani Yari da muke zama tare. Ya tafi sunan ɗansa, ranar aka kira shi. Ya dawo yana zaune da mu. Tun daga nan ko masallaci na shiga kunnena yana bakin ƙofa.

Gaskiya, Yaya, ban san abin da nake ji ba yanzu. Da can in heluma ya fito gabana faɗuwa yake. Yanzu kallon bakinsa kawai nake yi. Ba na fushi, ba na sa rai, ina dai zaune. Ka ɗan ƙara mini haƙuri zuwa noman farko.

Naka,
Lauwali

Bakura

Lauwali,

Gaisuwa. Rabin gandu na iya shukawa, sauran na bar wa ciyawa. Inna ta fara rage awon tsaba tun yanzu. Baba ya daina tambayar ka.

Maiwada

Talata Mafara

Yaya,

Bayan gaisuwa, na karanta layinka na ƙarshe har takardar ta yi laushi. Na haƙura. Ranar Jumma'a ina tafe insha Allahu. Ko wake ne ma shuka a rabin da ya saura, bai makara ba. Ka ajiye mini hauyata, ka ce da Baba ya yafe mini.

Lauwali

Bakura

Ƙanena Lauwali,

Salama. Takardarka ta zo, amma kada ka taho.

Shekaranjiya katafilolin kamfanin suka shigo gandunmu. Gero ya kai gwiwa. Ina tsaye suka bi ta kansa, suka kayar da tsamiyar kan iyaka, yanzu ban iya nuna maka inda tamu ta ƙare ta maƙwabta ta fara. Wani tafinta ya ce gyara ƙasar za a yi don noman rani, in an gama a mayar wa kowa tasa. Na ce yaushe? Ya ce za mu ji.

Baba yana wurin. Ya tsinci kara guda ya riƙe har gida.

Ba sauran abin da zan yi a nan. Ni da ban yi boko ba, ko suna ɗaukar irina lebura? Ka rubuta mini irin takardar da ka kai masu.

Allah ya sa mu gana da alheri. Yayanka,
Maiwada

Talata Mafara

Yaya,

Na rubuta. Suna ɗauka, in sun kira. Ka taho da tabarma da buta. Da safe inuwa tana yamma da katanga, zan kama maka wuri.

Lauwali