Yaya, Ki Nuna Mini Ƙafafunki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga yayata Hajiya Rabi, a Maradi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, mu nan unguwar Ƙurban a Madina kowa ƙalau, yara suna gaishe ki.

Na ce da fatan kina lafiya ne don haka ake cewa, amma Yaya, ban yarda ba. Shi ya sa na rubuto a inda jama'a za su gani, tunda a waya wayo kike yi mini.

Kin bar Madina da sunan 'yar ziyara, ga shi har Sallah ta wuce. Duk na kira ki ta bidiyo, fuskarki kaɗai nake gani, ta sha kwalli da murmushi. Kina magana kina tsayawa, ki ce layi ne ba kyau. Layi ba ya haki, Yaya. Rannan da wayar ta zame miki, na hango silifas ɗin maza a ƙafarki, ke da ba kya sa takalmin da bai shiga da mayafi ba. Kumbura ta yi, ko?

Na san mafarin abin. Da likita ta ce ciwon dajin ya tafi, muka yanka rago, 'yan unguwa suka cika gida da dabino da gahawa. Kika miƙe gaban mata kika ce halas, shi ke nan, kin warke. To ai ina gefenki a asibiti lokacin da likitar ta ƙara da cewa maganin ya raunana miki zuciya, ga sukari, ga hawan jini. Tun daga walimar nan, in na miƙo miki ƙwaya sai ki ture hannuna, wai wanda Allah ya warkar in ya koma yana kukan ciwo ya yi butulci.

Kin tuna Maryam, 'yar Kolombiyar nan da ake yi muku ƙarin ruwa tare, mai ce miki uhti, wato 'yar'uwata? Ita ma ta rabu da dajin, har mun ci walimarta. Zuciya ce ta ɗauke ta. Ina zargin daga gidan makokinta kika fara haɗa akwati, don in daina sa miki ido.

Ranar Asabar na taka zuwa masallacin Ƙuba ni kaɗai. Da na iso dakalin da kike zama ki ce takalmi kike gyarawa, alhali hutawa kike, sai kuka ya ƙwace mini. Tsoro nake ji, Yaya. Ke kaɗai kika rage mini.

Babu wanda zai ce ki dawo da ragon. Allah ya ga godiyarki, kuma Shi ya saukar da maganin. Ranar Juma'a zan kira. Kada ki nuna mini fuskarki, na san ta. Ki nuna mini ƙafafunki.

Allah ya ba ki lafiya, ya dawo mana da ke Madina a kan ƙafafunki.

Ƙanwarki mai takura miki,
Bilkisu