Tambayar da aka yi wa Rabi

Madarunfa, daren Talata

Ƙanwata Rabi ta haihu yau a matanite, asibitin haihuwa, namiji, lafiya lau. Na yi mata barka da zuciya ɗaya, sai da ta ce, "Yaya, kin san ungozomar ta tambaye ni? Wai a kwance nake so ko a durƙushe. Na ce durƙuso, yadda Inna ta haife mu."

Ni mai yawan karance-karance kan haihuwa, da aka yi mini aikin haihuwa a Maraɗi, mijina aka yi wa bayani a baranda. Wataƙila aikin ne ya ceci ɗiyata, ba na musu.

Ba sauƙin naƙudar Rabi nake ƙyashi ba. Tambayar nan ce, ni ba wanda ya yi mini ita.