Dutsen Dala ko Gidan Gwaggo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu a Minna sai godiya.

Na yi wa 'yarka Hauwa'u alkawarin kawo ta Kano ta hau Dala. Asabar kaɗai aka ba ni hutu, kaina ya ɗaure. In muka fara gaida Gwaggo, ba ta sakin baƙo sai magariba. In muka ƙi, a ce na yar da zumunci, alhali ba wanda ya taɓa leƙo ni. Ita dai ban ga laifinta ba.

Jiya yarinyar ta ce, "Baba, daga saman dutsen ana hango gidanku?" A gindinsa aka haife ni, ban taɓa hawa ba.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa, ban da Gwaggo tukuna.

Ƙaninka,
Bala