Maganin Gwiwar Innata Na Gani a Fostar 'Yan Ƙwaya

Anti, don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a, ni ke yankan takarda. Kwanakin baya aka kawo mana aikin fostar wayar da kai kan shaye-shaye. Ina jera su a kan injin yanka sai idona ya faɗa kan hoton wani kafso, rabi kore rabi rawaya, an ja masa jan layi. Anti, wannan kafson ni nake sayo wa Inna, mahaifiyata, a kemis ɗin bakin layinmu.

Inna ta daɗe tana fama da gwiwa, ko sallah a kan kujera take yi. Wata maƙwabciya ce ta fara ba ta maganin, ta ji daɗinsa, ta ce in riƙa sayo mata. Da farko ɗaya take sha da safe. Yanzu ban san adadin ba, na dai lura katin maganin ba ya jimawa.

Fostar ta ce maganin yana kama mutum, yana jawo jijjiga, har kisa yana yi. Amma hoton da ke jiki na wani saurayi ne kwance a bakin kwata, gashi buzu-buzu. Ina Inna ina wannan? Matar da ko hayaƙin taba ta shaƙa a mota sai ta yini tana mita.

Duk da haka na ɗauke katin daga ƙarƙashin matashinta, na ce mata ya ƙare a kemis. Washegari sai gumi, sai hamma, hanci na zuba, ta kasa zama ta kasa kwanciya. Ta balbale matata da faɗa a kan murfin tukunya, abin da ba halinta ba. Yayata ta zo ta ce zan kashe tsohuwa saboda wata takarda. Na mayar da maganin. Ba a jima ba Inna ta ware, har ta nemi abinci, kuma wannan warewar ce ta fi ba ni tsoro.

Mai kemis ya ce maganin ciwo ne kawai, 'yan iska suka ɓata masa suna. A rediyo na ji wani yana cewa a raba mutum da shi nan take. A wani bidiyo a waya kuma wata mai rigar likita ta ce tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne. Na kira lambar da ke ƙasan fostar, da aka tambaye ni shekarun mai shaye-shayen sai na kashe wayar.

In na ba ta ina cutar ta, in na hana ta ma haka. Wa zan bi? Kuma da wane baki zan gaya mata?

Naki, Mai Yankan Takarda

Amsa

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Inna ba 'yar ƙwaya ba ce, mara lafiya ce da ta nemi sauƙi. Sai dai jiki bai san niyya ba. Irin wannan magani in an daɗe ana sha jiki yana sabawa da shi, na saurayi ne ko na tsohuwa, kuma abin da ka gani ranar da ka ɓoye katin ya yi kama da hakan.

Kai da yayarka kowa na da rabin gaskiya. Ci gaba a haka haɗari ne, yankewa lokaci guda ma wahala ce da kan iya zama haɗari. Ragewa ake yi a hankali, kuma likita ne zai tsara, ba kai ba, ba mai kemis ba, shi da ciniki ke gabansa. Fosta da rediyo kuwa, da kowa da kowa suke magana. Wanda ya duba Inna ne kaɗai zai yi magana a kanta.

Ka kai ta asibiti cikin makon nan, da katin maganin a hannunka, da duk wani abin da take sha, har na gargajiya. A faɗa wa likita ainihin adadin, kada kunya ta sa a rage. A kuma duba gwiwar da kyau, don in ba a magance ciwon ba, baya za a koma. Kafin nan kada ka sake ɓoyewa, kada kuma a ƙara mata. In ka ga ta yi jijjiga, ko numfashinta ya yi ƙasa, ko ana tashinta ba ta tashi, asibiti nan take.

Batun gaya mata kuwa, ka fara shawo kan yayarka, ku shiga ɗakin tare. Kalmar shaye-shaye kada ta fito. Ku ce maganin ya fi ƙarfin jikinta, kuna so likita ya sauya mata. Gaskiya ce, kuma ba ta taɓa mutuncinta ba. Ka nemi afuwarta kan cewar da ka yi ya ƙare, don nan gaba kana bukatar ta yarda da maganarka.

Allah ya ba Inna lafiya, ya nuna maka ranar da za ta kai goshinta ƙasa a sallah ba tare da kujera ba.