Idon Ruwan da Babu Shi a Taswira

Gangaren Kanya, Doguwa
3 ga Satumba

Ɗalibata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Kano? Mahaifiyarki Barakatu tana gaishe ki, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi.

Kin san kamfanin da ke neman lasisin haƙar kwal a bayan dutsenmu. Rahotonsu kan yadda aikin zai shafi muhalli ya fito, an ajiye shi a Riruwai, wai mai ƙorafi ya kai cikin kwana ashirin da ɗaya. Sau uku ina hawa babur ina zuwa. Na karanta da biro a hannu kamar ina duba jarrabawarku. A shafi na tamanin da huɗu an ce babu idon ruwa a filin, da burtsatse jama'a suka dogara.

Ba ƙarya suka yi mana ba. Kin san tun zamanin haƙar kuza, da aka nuna wa baƙi wani ido suka kafa masa inji ya ƙafe, ba a nuna wa baƙo ruwa a garin nan. Ni na raka masu awon da kamfanin ya turo bara. Na kai su burtsatsen da ya shekara biyu a lalace, suka ɗauki hotonsa. Na wuce da su ta bakin hanyar idon ruwanmu ina ba su labarin makarantarmu, ban nuna musu shi ba.

Ke kika karanci fannin. Me ake yi?

Malaminki,
Mu'azu

*

Kano
8 ga Satumba

Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Masu bitar rahoton ba za su zo garinmu ba, takarda kawai suke dubawa, abin da babu shi a ciki kuwa a wurinsu babu shi. Ku ɗauki hoton idon da waya yadda za ta nuna daidai inda yake, ku rubuta yawan gidajen da ke sha, dattawa su sa hannu. Saura kwana tara. Hoton ba zai ci minti biyu ba, Malam. Idan aka haƙa ramin a inda suka zana, idon ba zai kai bazara biyu ba, kuma nan Inna take ɗiba.

Ku gafarce ni idan na yi tsauri.

Ɗalibarku,
Hamdiyya

*

Gangaren Kanya
29 ga Satumba

Hamdiyya,

Bayan sallama da gaisuwa, ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba.

Na kai maganarki wurin Baba Maikano, tunda sha'anin idon a hannun gidansu yake. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Shekara sittin muna ɓoyonsa yana nan. Kai kuma ka ce mu aika da hotonsa Abuja?" Aka ɗaga zancen sai Juma'a. Ranar Juma'a aka ce a bari a gama karyar masara.

Na je idon ni kaɗai da wayata. Mata na ta ɗiba. Mahaifiyarki ta ce ko Malam ya zo taya su ɗaukar jarka ne, aka yi dariya. Na tsaya, wayar tana aljihu. Na sha ruwa na dawo. Har yau ban san ko ladabi ne ko tsoro ba.

Makon jiya mutanen kamfanin suka zo suka kafa jajayen turaku na iyakar filin. Ɗaya taku goma tsakaninsa da idon, su ba su ma lura ba saboda duhuwar gwaza. Washegari Baba Maikano ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa babbar riga. Ya tsaya a bakin ruwan ya ce in ɗauki hoton da shi a ciki, don su san yana da masu shi.

Na kai hoton da takardar ƙorafinmu Riruwai. Akawun ya ba ni kujera, ya ce an rufe kwana tara da suka wuce, fayil ya tafi. Ya buga mini hatimin karɓa don kada in koma haka nan. Na yi godiya. A hanya na sayi alli.

Ga hoton na turo miki. Allah ya yi miki albarka.

Mu'azu

*

Kano
20 ga Disamba

Malam,

Ina gaisuwa. Na bi takardarku ofis-ofis har uku, ko'ina ana cewa ta makara. Yau na ga sanarwa, an amince da rahoton, lasisi zai biyo baya. Ban gaya wa Inna ba. In zo?

Hamdiyya

*

Gangaren Kanya
27 ga Disamba

Ɗiyata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Mahaifiyarki ta riga ta ji, da safe na gan ta da jarkarta. Ki zauna kan aikinki, kin yi iya naki.

Ruwan yana nan tukuna, da sanyinsa. Yanzu duk baƙon da ya shigo gari, ko mai tallar yadi ne, sai Baba Maikano ya ja shi ya nuna masa.

Ya ce in roƙe ki ki wanko masa hoton nan. Babba, wanda ruwan ya fito sosai.

Malaminki,
Mu'azu