Rasor ɗin Motarka Ya Zama Hauya

Yaya Abdurrahamane,

Kafin ka dawo daga kai gujiya Kano na kama hanyar Mayahi, shi ya sa na bar maka takardar nan a kan shasin motarka.

Ƙaramar motar Anasaran nan mai mazauni biyu, wadda kake haɗawa a rumfa tun bara, an taɓa ta. Shekaranjiya ina lakwal ina koyarwa, Baba ya ga rasor ɗinta, sifirin ɗin nan mai ɗaukar nauyin mota, wanda ka kankare ka shafa wa mai. Ya ce ƙarfe mai kyau haka ba ya zaman banza, ga damina ta kusa. Ya kira Na Allah maƙeri ya ba shi.

Da na ji na ruga maƙera. Rabinsa ya riga ya zama hauyoyi, sauran kuwa an wuce da shi kasuwar Mayahi. Zan bi, amma wallahi ban san abin da zan tarar ba. Ka san irinsa ko a Maraɗi babu.

Don Allah kada ka ɗaga wa Baba murya. Bai san ya yi ɓarna ba, murna ma yake. Ya ajiye maka hauya guda a bayan ƙofa, ya ce wadda ta fi kyau ce taka.

Ƙanenka,
Maiwada