Jar Motar Yero

Soron Ɗinki, Kano
Maris 1968

Zuwa ga taubashina Yero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya a bakin daga. Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi. Kawu yana nan ƙalau, sai dai kunnensa kullum a jikin rediyo saboda kai.

Titin 'yan motocin wasan nan masu aiki da lantarki da muka saya a hannun Baturen reluwe yana nan shimfiɗe a soro. Duk Juma'a bayan la'asar sai mu jona batir, wuri ya cika. Tun da ka shiga soja babu wanda ya ci shuɗiyar motata. Na sake naɗa injinta da siririyar wayar rediyo, na yanka mata tayoyi daga tsohon tiyub na keke, na liƙa mata dalma a ciki don kada ta yi tsalle daga tsagar titi.

Amma ka san abin haushi? Duk sanda na ci, sai Baffa Ilu, alƙalin tserenmu, ya gyara hula ya ce, "To, ai don Yero ba ya nan ne." Jama'a su kwashe da dariya. Ni ke wahala, kai ke shan yabo daga nesa.

Jar motarka tana cikin kwalinta yadda ka ba ni amana. Don girman Allah, me ka sa mata da ban taɓa cin ka ba ko sau ɗaya?

Ka huta lafiya. Naka, Hambali

Bakin daga
Mayu 1968

Zuwa ga bawana Hambali, ɗan Goggo,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na yi dariya har sajanmu ya zaci labarin haihuwa na samu.

Motar da nake tuƙawa a nan babba ce, kuma in ta bar titi ba a tsince ta da hannu a mayar. Ruwa ba ya tsayawa, laka har gwiwa. Wallahi ina kewar soron nan, har da warin batir.

Ka gaishe mini da Baffa Ilu, mutum ne mai faɗin gaskiya. Kai kuwa ka ci gaba da ɗura dalma, watarana sai an nemo jaki ya ja maka motar. Kada ka buɗe tawa. Ba don kaina na hana ka ba, don barcinka nake ji.

Ubangidanka, Yero

Soron Ɗinki
Yuli 1968

Yero,

Bayan gaisuwa. Na buɗe ta, ka yi abin da za ka yi.

Babu komai! Injin yadda Bature ya haɗa shi, tayoyi na kanti, ko ƙwayar dalma babu. Na ce to ko sa'a ce a jikinta, na ɗora ta a titi, na riƙe totur ɗin hannu na danne da babban yatsa. A kwanar farko ta yi sama ta faɗa cikin butar alwalar Baffa.

Da ya gama dariya sai ya ce, "Hambali, kai fa danna kawai ka iya. Babban yatsan Yero za ka kalla. Kafin kwana yana sassautawa kamar mai shafa kan jariri, yana fita ya danne. Wannan ba a kanti ake sayar da shi ba."

Gaskiyarka, ban yi barci ba. Da a ce wani ƙarfe ka ɓoye, da na ƙera irinsa kafin Juma'a. Ina jin ƙyashin wannan yatsa naka, Yero, ba zan ɓoye maka ba. Amma na cire dalmar, kullum da asuba ina koyon sassautawa ni kaɗai. Ka nemi hutun Sallah ka zo mu kara a gaban Baffa.

Naka, Hambali

Soron Ɗinki
Janairu 1969

Yero,

Gaisuwa, in kana so. Sallah ta wuce, babu kai babu amsa. Yanzu ina shan kwana ba tare da motata ta girgiza ba, har Baffa ya daina gyara hula. Ka ji labari ne ka ɓuya? In tsoro ne ka faɗa, ba zan gaya wa kowa ba sai mutanen soro.

Hambali

Asibitin soja
Maris 1969

Ɗan'uwana Hambali,

Assalamu alaikum. Kada ka yi mamakin rubutun, Ɗanjuma maƙwabcin gadona ne ke rubuta mini.

Motarmu ta taka nakiya kafin ƙaramar Sallah. Alhamdu lillahi na tsira da raina, amma yatsu biyu kawai suka rage mini a hannun dama, kuma babban ba ya cikinsu. Ka lallaɓa ka gaya wa Baba, ni na kasa.

Jar motar na bar maka halak malak. Soron ma naka ne yanzu, babu mai ƙara ce maka don Yero ba ya nan. Ka yafe mini tsokana.

Naka har kullum, Yero

Soron Ɗinki
Afrilu 1969

Yero,

Wa'alaikumus salam. Na yi kuka, na gaya wa Kawu, shi ma ya yi. Allah ya sa kaffara ce.

Amma kyautarka ban karɓa ba. Wato ka tafi ke nan har abada ba a taɓa cin ka ba, ni kuma in tsufa ina cin Baffa Ilu? Ban yarda ba.

Na mayar da jar motar kwalinta. Tun ranar da wasiƙarka ta zo nake ɗaure hannuna na dama a baya da rawanin Baffa, ina tuƙi da hagu. Jiya sau biyu na shiga buta.

Ka fara motsa yatsan hagu tun daga gadon nan. Ka warke da wuri, ka dawo gida in cinye ka.

Bawanka, Hambali